Labaran wariyar launin fata: wanne littafi malami zai fara da shi, kuma yaushe?

Malamin da ke shiga aji biyar ko shida a rana, ya koma gida da tarin litattafan ɗalibai na dubawa, ba shi da sa'a biyu a jere da zai ba littafin labari. Guntayen lokaci ne a hannunsa: minti 20 a ɗakin malamai idan yara sun fita tara, rabin sa'a bayan isha'i kafin barci ya sace shi. A Turanci irin na waɗannan litattafai, minti 20 ba ya wuce shafi 10 zuwa 15. Don haka tsarin littafin ake dubawa kafin sunansa.

A tsakiyar zango, Homegoing na Yaa Gyasi (2016) ya fi dacewa. Babi 14 ne, kowanne da mutuminsa, kowanne ana iya gama shi a zama ɗaya ko biyu. Labarin ya taso ne daga 'yan uwa mata biyu a Gana ta ƙarni na 18. Effia ta auri Bature ta zauna a benen kurkukun bayi na Cape Coast, Esi kuwa tana ƙasan ginin a ɗaure, daga can aka wuce da ita Amurka. Babi ɗaya ya bi zuriyar wannan, na gaba ya bi ta waccan. Inda ake ɓata shi ne wajen babi na shida ko na bakwai, mutum ya manta wane ne ɗan wa. Akwai jadawalin zuriya a farkon littafin. A sa masa alama da guntun takarda, a leƙa kafin kowane babi. Abin da ya fi burge ni a littafin, bai wanke ƙabilun Asante da Fante na Gana daga cinikin bayi ba.

The Nickel Boys na Colson Whitehead (2019) shafi 200 ne da 'yan kai, mako biyu ya isa. Amma ga malami yana da nauyi, domin makaranta ce ake azabtar da yara a cikinta. Marubucin ya gina shi kan gidan horon yara na Dozier a jihar Florida, wanda aka buɗe a 1900 aka rufe a 2011, daga baya masu bincike suka tono kaburbura marasa suna a harabarsa. Kada a karanta shi daf da kwanciya, kuma kada a leƙa babin ƙarshe, don a can ne duk labarin ya juya.

Americanah na Chimamanda Ngozi Adichie (2013) a ajiye shi sai dogon hutu. Ya kai kusan shafi 500 ko fiye gwargwadon bugu, yana kai-komo tsakanin Legas, Amurka da Ingila, tsakanin da da yanzu. Wanda ya fara shi a makon jarrabawa zai ajiye shi kwana goma saboda maki da cike sakamako, ya dawo ya tarar zaren ya tsinke. Shi ne kuma mafi kusa da mu, tunda Ifemelu, jarumar littafin, 'yar Najeriya ce da ba ta ɗauki launin fatarta a bakin komai ba sai da ta sauka Amurka. A nan ana tambayar ƙabila, addini da asali. Can fata ake fara gani.

Akwai tarihin da in ba a san shi ba, rabin abin zai wuce mutum. An soke bauta a Amurka a 1865, amma dokokin wariya da ake kira Jim Crow sun ci gaba a kudancin ƙasar har dokar 'yancin jama'a ta 1964. A jihar Virginia, dokar 1924 ta ɗauki duk mai kaka baƙar fata, komai nisansa, a matsayin wanda ba farar fata ba, kuma sai a 1967 Kotun Ƙoli ta soke hanin aure tsakanin baƙi da fari. Da wannan ne za a gane abin da Stella ta sa a caca cikin The Vanishing Half na Brit Bennett (2020), lokacin da ta rabu da tagwaiyarta ta shige cikin Turawa a matsayin ɗayarsu. Garinsu na baƙaƙe ne masu alfahari da hasken fata, kuma duk wanda ya ga yadda man bilicin ke tashi a kasuwanninmu ba zai ji abin baƙo ba.

Wajen saye, a buɗe tsakiyar littafi a bi lambobin shafi, domin bugun satar fasaha yakan tsallake shafuka 16 ko 32 a dunƙule, ko ya maimaita su. Wanda zai karanta a waya ya kashe data tukuna, in ba haka ba rukunin WhatsApp na malamai zai cinye minti 20 ɗin. Idan kuma ana son miƙa wa 'yan babbar sakandare The Hate U Give na Angie Thomas (2017), labarin yarinya 'yar shekara 16 da ɗan sanda ya harbe abokinta a gabanta, malami ya fara karanta shi da kansa. Akwai ashar a ciki, kuma iyaye za su tambaya.