Aikin haɗa ƙananan motoci da fentinsu

Sana'ata haɗa ƙananan motoci ce, irin waɗanda ke zuwa gunduwa-gunduwa a cikin kwali, a yanke, a goge, a manna, a yi fenti, har su fito tamkar an ɗauko mota ta gaske an ƙanƙance ta. Mu uku ne a wajen, ni da yara biyu da ke koyo a hannuna, kuma yawancin aikin da ake kawo mana na tsofaffin motoci ne. Wani motar mahaifinsa yake son ya sake gani, wani wadda ya taɓa mallaka ya sayar, wani kuwa wadda ya san ba zai taɓa hawa ba amma tana ransa tun ƙuruciya.

Ma'aunin da muka fi aiki da shi shi ne 1:24, wato kowane santimita ɗaya a jikin ƙaramar yana madadin 24 a jikin babbar. Kamfanonin Amurka irin su AMT sun fi son 1:25, na Japan da na Turai kuwa 1:24. Abin da nake fara cusa wa duk yaron da ya zo koyo shi ne ya riƙa ninka komai sau 24 a kansa. Ratar rabin milimita tsakanin ƙofa da bodi, a mota ta gaske milimita 12 ke nan, yatsa zai shiga. Ƙura ɗaya da ta faɗa cikin ɗanyen fenti ta zama tsakuwa. Fentin da aka lafta da kauri ya cike layin ƙofa, ya cinye tambari, motar ta koma dunƙulen roba mai launi. Duk wahalar aikin nan daga wannan lissafin take fitowa.

Motar da na fi alfahari da haɗawa ita ce Mercedes-Benz 300 SL, mai ƙofofin da ke buɗewa sama. An fara nuna ta a New York a 1954, kuma zuwa 1957 guda 1,400 kacal aka ƙera. Ƙofofin nan ba don ado aka yi su ba. A ƙarƙashin bodin akwai saƙar siraran bututun ƙarfe da ke riƙe da motar, kuma saƙar ta taso sosai ta gefe, har babu inda za a yanka ƙofa irin ta sauran motoci, sai aka maƙala ta a rufi. Kamfanin Tamiya ya fitar da ita a ma'aunin 1:24 a 2015, kuma bai yi ƙyuya ba, ya zuba wannan saƙar a matsayin ɓangare mai zaman kansa. Motar da ta haura mita huɗu da rabi ta dawo ba ta kai santimita 19 ba, amma bututun nan suna ciki. Da zarar an ɗora bodi, mafi yawansu sun ɓuya. Duk da haka sai mun bi su ɗaya bayan ɗaya mun kankare layin da injin zubi ya bari, mun fesa musu baƙi, domin idan saƙar ta karkace ko da kaɗan ne, taya ɗaya zai rataye a iska, bonet kuma ba zai zauna ba.

Ranar da aka buɗe kwali ba a taɓa gam. Ana wanke sassan da ruwan sabulu, a bar su su bushe, sannan a yanke su daga sandunan da suke maƙale da ɗan almakashi mai kaifi, a ɗan bar tsini, a bi da wuƙa a share. Wanda ya murɗe sashe da hannu ya ɓalle shi, ya bar rami ke nan. Bayan haka sai gwaji: a haɗa komai da tef ba tare da gam ba, a ga inda ya ƙi zama. Gam ɗin wannan roba narkar da ita yake yi, gefe biyun su zama abu guda, don haka babu komawa baya. Ɗigo ɗaya a bakin siririn buroshi ya isa, shi da kansa zai bi tsagar ya gudu. Idan yatsa na kusa ya bi ta ƙarƙashinsa, zanen yatsan zai zauna a jikin bodin sai an yi aikin samfefa.

Abin da ke ɓata mini rai tun kafin a kai nan shi ne masu kawo mana kaya. Ka yi oda, ka jira, kwali ya iso, ka buɗe ka tarar an ajiye shi a wuri mai zafi ko an ɗora masa nauyi, rufin motar ya lotsa, ginshiƙan gilashi sun lanƙwashe. Wani lokaci takardar tambura, wadda ake jiƙawa a manna a jikin motar, ta tsufa ta yi ɗorawa, tana shiga ruwa ta wargaje. Ka yi magana a ce maka ai haka ya zo daga kamfani. Bodin da ya murɗe muna iya tsoma shi a ruwan ɗumi mu miƙar a hankali, amma lokacin da aka ɓata a kai ba wanda zai biya. Akwai kuma masu kwafar zubin wasu, su sa a kwali mai kyan hoto. Nasu ana gane shi da ido: layukan ƙofa sun dushe, ko'ina ɓalli-ɓallin roba, hagu da dama ba su daidaita ba. Irin wannan ko kyauta aka kawo ba na karɓar aikinsa.

Fenti kuwa a hannun wani dattijo na koya, mai fentin manyan motoci ne, da yamma kuma ya zauna yana haɗa ƙanana don nishaɗi. Bai bar ni na taɓa bodi ba sai da na gaji da fesa cokulan roba. Zai zube mini su a gaba, ya ce in mayar da bayan kowanne madubi. In na kawo, ya ɗaga shi saitin taga, ya juya, ya miƙo mini ba tare da ya ce uffan ba, na san ma'anarta ke nan. Maganarsa ɗaya da ban manta ba ita ce: “Yaro, hannunka ya fara tafiya kafin yatsanka ya danna, kuma kada ka saki sai ka wuce motar.” Gaskiya ne, farkon feshi da ƙarshensa nan ne bindigar fesa fenti ke tofar da ɗigo, don haka dole su faɗa a iska. Shi ya koya mini sauraron bindigar ma. Fentin da ya yi kauri yana da wata ƙara mai kakari, wanda tina, ruwan tsinka fenti, ta yi masa daidai kuwa sai ka ji huci kawai. Har yau kowane launi sai na gwada shi a cokali kafin ya hau mota, yarana ma da cokali suka fara.

Kafin launi akwai fentin ƙasa, mai ruwan toka. Aikinsa biyu: ya kare robar daga zafin tina, ya kuma tona asirin duk abin da ido bai gani ba. Bodin da ka rantse ya yi sumul, da ka fesa masa toka sai ga layin zubi ya bi ta saman fitila, ga ɗan rami a kan but. A cike, a goge da samfefa mai lamba 600, a bi da 1000, a sake fesawa. Sau nawa? Har sai ya daina nuna komai. Layukan ƙofa da na bonet muna ƙara zurfafa su da bayan tsinin wuƙa, don kada fenti ya binne su.

Fentin kansa iri uku ne, kuma ba sa zama da juna yadda aka ga dama. Mai ƙarfin tina, wanda muke kira laka (lacquer), shi ke ƙasa. Ana iya ɗora mai mai ko mai ruwa a kansa, amma aka juya aka fesa laka a kan mai mai, sai ya ci shi ya tattare, aikin ya koma farko. Bindigar da muke amfani da ita bakinta milimita 0.3 ne, iska kaɗan, a tsaya kusa. Shafe biyu na farko hazo-hazo ake yi, ana hango tokar ta ƙasa. Sai na ƙarshe ake jiƙa shi, kuma nan ne gwaninta take: ka yi nisa ko ka yi sauri, fentin ya bushe a iska ya sauka da gurji kamar bayan lemo, ka matso ko ka yi nawa, ya zubo. Tsakanin biyun tazarar ba ta da yawa. Ranar da iska ke da laima ba ma feshi sam, domin fentin kan yi fari-fari. Takunkumi mai tace tiriri da fankar da ke jan iska waje kuwa ba a wasa da su a wajena.

Launin asali na 300 SL ruwan azurfa ne, kuma babu launin da ya kai shi tonon silili. Kowane ƙarzon samfefa sai ya fito a ƙarƙashinsa. Ga kuma ƙwayoyin ƙyallin da ke cikinsa: fentin da aka yi don babbar mota, a jikin ƙarama ƙwayoyin sai su yi girma, motar ta koma kamar kayan ado. Dole a nemi mai laushin ƙwaya. Ba a kuma goge shi kai tsaye, don samfefa na hargitsa kwanciyar ƙwayoyin ta bar tabo. Sai an rufe shi da fenti mai garai-garai, wannan ne ake gogewa.

Daga nan sai jira. Bodin na shiga akwati mai murfi, ba mai taɓa shi. Laka kan ɗauki kwanaki, mai mai kuwa makonni. Ina kai hanci in shinshina, muddin akwai warin tina to cikinsa ɗanye ne, ko da samansa ya yi tauri. Bayan ya ƙeƙashe ake bi da samfefar ruwa, daga 2000 ana hawa har 12000, kowane mataki a gicciye da na baya, ana kaffa-kaffa da kusurwoyi domin nan fenti ya fi siranta. Sai man goge fenti da tsumma mai laushi. Alamar an gama ita ce in ga sandar fitilar ɗaki a kan bonet miƙe sak, gefenta ba ya rawa.

A daidai wannan jiran ne waɗanda suka kawo aiki ke fara kira. Wani ya ce, “Malam, ƴar wannan motar ce har yanzu?” In aka zo maganar kuɗin aiki kuma ya ce ai ya ga irinta ta ƙarfe, haɗaɗɗiya, ba ta kai haka ba. Ba na musu da shi, akwai su. Sai dai in ce ya ɗauko ta mu ajiye gefe da gefe. Ya dubi kaurin fentin, ya dubi maƙalar ƙofa da ta yi girman da ba ta da shi a mota ta gaske, ya leƙa ciki ya ga kujeru da sitiyari da dashbod duk baƙar roba ɗaya. Araha ba ta ado. Mafi ciwo shi ne wanda zai kira aikin kayan wasan yara, alhali ya zo ne don yana son motar mahaifinsa da ainihin launinta da lambarta, abin da ba zai samu a kanti ba ko ya shekara yana nema.

Sassa masu ƙyalli, bamba da gaban mota da madubi, suna zuwa da rufin ƙyalli daga kamfani, amma sau da yawa ya cika haske, ga layin zubi a ƙarƙashinsa. Muna jiƙa su a bilic ƙyallin ya narke, mu goge layin, mu fesa baƙi mai sheƙi, sannan mu bi da fentin ƙyalli sama-sama da iska kaɗan. Baƙin nan na ƙasa shi ke ba shi zurfi irin na ƙarfe. Zagayen gilashi kuma da wata siririyar takardar ƙarfe mai gam muke yi, a danna ta da auduga, a yanke da sabuwar reza, a bar nauyin rezar kawai ya yi yankan. Gilashin kansa ba ya son gam mai kamawa nan take, tiririnsa na sa shi hazo, don haka farin gam muke sa masa, wanda ke bushewa garau.

Cikin motar ne wurin da nake sakin jiki. Yawancin mutane sun ɗauka duk 300 SL kujerun fata gare ta, alhali yadi mai gidan dara shi ne na asali, fata sai wanda ya nema. Idan wanda ya kawo aikin ya zaɓi yadin, layi-layi muke jan sa da tef da aka yanka siriri, launi bayan launi. Injin mai silinda shida a kwance yake ta gefe ɗaya don bonet ya yi ƙasa, kuma ba shi da kafireto, famfo ne ke harba mai kai tsaye cikin silinda. Shi ya sa nake ƙara masa siraran wayoyi a madadin bututun man da na fulogi, ina duba hotunan injin na gaske don kowanne ya tafi inda ya dace. Tayoyi ma sai an ɗan goge tafinsu da samfefa, don tayar da ta taka ƙasa ba ta sheƙi.

Kowace mota a akwati mai garai-garai take barin wajenmu, a ɗaure da gindinta, tare da gargaɗin kada a ajiye ta inda rana ke bugawa, kada kuma a share ta da komai sai buroshi mai laushi. Yanzu haka Volkswagen Beetle ƙirar 1966 ce a kan tebur, tana matakin toka, mai ita yana son a fitar da ɗan lotsawar da ke bambar baya kamar yadda take a tsohon hoton gidansu. Duk mai son a yi masa irin wannan, ya tanadi hotunan motar ta gaba da baya da gefe da ciki, da shekarar ƙira, da lambar fenti in tana nan, kuma ya zo da wuri idan kyauta ce ta wata rana ta musamman, don ba na fitar da bodin da ke warin tina.