Mita ba ta san Oga ba

Na ajiye aiki a kamfanin da nake yi wa haɗin faiba, wato wayar zaren gilashi da ke ɗaukar saƙo da haske, a nan Kano. Tunda ƙannenmu masu tasowa a sana'ar suna ta tambayata abin da ya fitar da ni, gara in rubuta kowa ya karanta. Ba zan kama suna ba, waɗanda muka hau tsani tare sun san inda na dosa.

Aikin wani rukunin gidaje ne ya jawo maganar. Masu wurin suna son intanet da tashoshin talabijin su shigo musu ta waya ɗaya, wato haske uku a zare guda, kowanne da lambar da ake kiransa da ita: 1490 ya kawo intanet, 1310 ya mayar da saƙon mai gida, 1550 kuma ya ɗauko talabijin har zuwa na'urar da ake kira nod, shi kuma nod ɗin ya juya hasken zuwa siginar da wayar jan ƙarfe za ta raba wa ɗakuna. Nod ba ya ɗaukar wasa a kan haske. Irin waɗanda muke sakawa sun fi son abin da ke shigar musu ya tsaya kusa da sifili a dBm, ma'aunin ƙarfin haske. Idan ya yi ƙasa da yawa, hoto zai fara kakkaryewa ko ya daskare, kuma mai gida ba ruwansa da dalili, waya kawai zai ɗauka.

Ni na yi waldar zaren, wato narka bakin zare biyu su zama ɗaya, tun daga babban akwati har ƙofar nod. Kowane haɗi injin walda ya nuna asarar hasken da ba ta kai 0.1 dB ba, kuma duk na rubuta a littafina, da lambar akwati da launin zare. Ranar da za a kunna, sai aka miƙo mini gajerun wayoyin haɗi daga sito, duk masu shuɗin kai, alhali ramin nod ɗin da na faranti, wato allon da ake cusa wayoyin, duk kore ne. Na je na sami Oga na ce, "Yallaɓai, waɗannan ba na wurin nan ba ne, masu koren kai muke buƙata." Ko ɗaga kai bai yi daga wayarsa ba ya ce, "Malam, waya ai waya ce. Tunda ta shiga rami, saka mu wuce."

Haɗarin abin shi ne tana shiga. Girmansu ɗaya, har ƙarar ƙas za ka ji kamar komai ya zauna. Amma fuskar koren kai an goge ta ne a karkace, digiri 8, don hasken da ya yi tsalle baya ya bi gefe ya ɓace, shuɗin kuwa fuskarsa a miƙe take. Idan ka haɗa su, gilashi ba ya taɓa gilashi yadda ya kamata, iska na shiga tsakani, wani hasken ya zube, wani ya koma inda ya fito, fuskokin biyu kuma su karce juna. Hanyar da hasken ke bi a cikin zaren faɗinta kusan maikiron 9 ne, silin gashin mutum ya ninka ta sau da yawa, don haka ƙaramin karce ma ɓarna ce babba. Na yi masa wannan bayani a tsaye. Ashe katan guda ya riga ya sayo saboda sun fi araha, kuma ba ya son a ce ya yi asara. Na saka yadda ya umarta, amma na auna haske kafin wayar da bayanta, na rubuta, na sa kwanan wata.

Ba a jima ba ƙorafi ya fara shigowa. A taron safe, a gaban yaran da ni na koya wa riƙon abin yankan zare, Oga ya ce waldata ce ba ta da kyau, hannuna ya fara rawa, kuma za a cire kuɗin gyara daga albashina. Aka cire kuwa. Har yau idan na tuna yadda yaran nan suka sunkuyar da kai, sai in ji abin ya tokare ni a ƙirji, domin a wannan sana'a sunanka shi ne jarinka, kuma a Kano magana ba ta kwana wuri ɗaya.

Ban yi gardama ba. Na ari OTDR, na'urar da ke harba haske cikin zare ta zana layin da ke nuna inda yake zubewa, na harba daga babban akwati, na kira shi ya zo ya gani da idonsa. Duk wanda ya iya karanta layin ya san walda mai kyau ƴar gangara ce ƙarama, ba ta da tsini, domin gilashin ya narke ya zama ɗaya, babu abin da zai mayar da haske baya. Haɗe-haɗena duk haka suka fito. Daidai nisan faranti kuwa sai ga tsini ya miƙe, bayansa layin ya faɗi. Na ciro waya mai koren kai daga jakata, wadda na saya da kuɗina, na canza, mitar auna haske ta hau nan take. Ba ta kai inda ya kamata ba, sai da muka duba fuskar kan da ke cikin faranti da madubin dubawa muka ga ta karce, dole muka yanke wutsiyar, wato guntun zaren da ke ɗauke da kan, muka yi sabuwar walda. Oga ya kalli mita, ya kalli littafina, ya ce, "To, Allah ya kyauta," ya shiga mota. A rahoton da ya tura sama an rubuta cewa an gyara matsalar haɗi. Kuɗina ba a mayar ba, kuma a gaban yaran da aka zubar mini da mutunci ba a ce uffan ba. Laifi tudu ne, na sani, amma wanda ke riƙe da albashin mutane bai kamata ya taka nasa ya hango na ƙasa da shi ba.

Don haka ƙanina, ka riƙe littafi. Ka auna kafin ka taɓa, ka auna bayan ka gama, ka ɗauki hoton mita da wayarka. Ba lallai ya dawo maka da kuɗinka ba, ni bai dawo mini ba, amma shi ya hana ƙaryar ta zauna a kaina.

Sauran darussan ba su da tsawo. Da hunturu kada ka bar kan waya a buɗe ko na minti ɗaya, ƙurar Kano ta fi ka sauri, ka mayar da murfi kuma ka goge kafin ka saka. Kada ka leƙa zare da ido don ganin ko akwai wuta, hasken 1310 da 1550 ba a ganinsa amma yana illa ga ido. Akwatin da ke cikin rana a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, yana buƙatar fanka mai aiki da batir mai rai. Ka bar rarar waya a naɗe a kowane ramin ƙasa da waya ta bi, saboda ranar da katafilar masu aikin titi za ta tsinke ta. A 2024 gwamnatin tarayya ta sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta kare, amma mai tuƙa katafila bai san inda zarenka ya bi ba sai ka je ka nuna masa. Kuma ka gaya wa mai gida gaskiya idan matsalar ba taka ba ce, kamar a Maris na 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, mutane a Kano suna ta kiranmu mu zo mu duba akwati.

Yanzu aikin kaina nake karɓa, ni da biyu daga cikin yaran nan da suka biyo ni. Ba na faɗin farashi sai na ga kayan da za a saka da idona, kuma ba ma barin wuri sai mai aikin ya ga abin da mita ta nuna ya sa hannu a takarda.