Yadda Nake Shirya Yadi Kafin Na Yanka Bargon Haɗe-haɗe

Bargon haɗe-haɗe, wanda ake jera ƙananan ƙyallaye a ɗinke, a sa auduga a tsakiya da shafi a baya, yawanci tun kafin a hau keke yake lalacewa. Dalili kuwa shi ne ƙyallayen ba daga turmi ɗaya suka fito ba. Wannan ragowar atamfa ce daga Kantin Kwari, wancan guntun shadda ne, ga kuma rinin baba irin na Ƙofar Mata. Kowanne da halinsa in ya sha ruwa, kuma gara ya nuna halin nan a baho da ya nuna shi bayan an gama ɗinki.

Abin da nake fara yi shi ne tantance auduga da roba. Nakan yanki ɗan guntu kamar faɗin yatsa, in riƙe da almakashi, in kusantar da ashana. Auduga tana ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi da ke murjewa. Mai roba kuwa sai ta nannaɗe, ta narke, ta bar ɗan dunƙule baƙi mai tauri. Ba na haɗa su a bargo ɗaya, domin auduga tana tsukewa a wanki, roba ba ta cika yi ba, kuma zafin gugar da auduga ke so shi ke ƙona roba.

Sai takardar nan da ake mannawa a jikin atamfa. Kada a jiƙa yadi da ita, danƙon yakan zauna daram. Nakan ɗora dutsen guga mai ɗumi ta bayan yadin na ɗan lokaci, danƙon ya saki, in ɓare ta a hankali daga kusurwa.

Gwajin zuba shi ne inda na fi ɓata lokaci, kuma ban taɓa nadamarsa ba. Ja, shuɗi mai duhu, baƙi da ruwan goro su ne manyan masu laifi. Kowane ƙyalle nakan jiƙa shi shi kaɗai a ruwa mai ɗumi da ɗan omo, a cikin farin kwano don in ga launin ruwan, in bar shi kamar minti 30. Ruwa ya canja launi ba shi ne ƙarshen magana ba, wani rinin yakan fita amma ba ya kama wani yadin. Saboda haka sai in matse ƙyallen, in shimfiɗa shi a kan farin yadi, su bushe tare. In farin ya ɗauki launi, ƙyallen ya koma ruwa. Wanda aka canja wa ruwa sau huɗu ko biyar bai daina zuba ba, na cire shi ke nan, ko kuma ya jira bargon da babu fari a cikinsa. Rinin baba yana da wani hali daban: ko a bushe yakan goge a jikin abin da ya taɓa, don haka shi nakan gwada shi da murza farin ƙyalle, busasshe da jiƙaƙƙe. Maganar a zuba gishiri launi ya kama, na gwada, ban ga ya hana atamfa mai zuba zuba ba. Abin da ke aiki shi ne ɗauraya da ruwa mai yawa har rarar rinin ta ƙare.

Tsukewa kuma da lissafi nake bin ta. Nakan yanka murabba'i mai inci 10, in wanke, in shanya, in goge, in sake aunawa. Auduga takan rage kamar kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, kuma sau da yawa ta fi raguwa ta tsawo. Kashi 3 a bargo mai inci 80 ya kusan inci biyu da rabi. Ba raguwar ce matsala ba, matsalar ita ce wani ƙyalle ya ragu maƙwabcinsa bai ragu ba, sai ɗinki ya tattare, bargo ya ƙi kwanciya. Don haka ko dai a wanke duka, har da yadin shafin baya, ko a bar duka. Ni wankewa nake yi. Shadda ce kawai ke sa ni tunani, domin ƙyallin nan nata wanki yana rage shi, amma ai bargo dole wata rana ya ga ruwa.

Manyan yaduka nakan bi yankakken bakinsu da ɗinkin zigizag kafin wanki, in ba haka ba zare ya warware ya cukurkuɗe. Ƙananan ƙyallaye ba na cuɗa su, jiƙawa ce da matsewa tsakanin tafin hannu. Shanya a inuwa, baibai. Da hunturu sai an sa ido, minti kaɗan sun bushe ƙayau, ga ƙura.

Nakan kwashe su da sauran danshi in yi guga, ta baya. A nan akwai kuskuren da ya daɗe yana ba ni wahala kafin in gane: tura dutsen guga da ƙarfi a kan yadi mai danshi yana miƙar da shi, musamman ta karkace, sai murabba'i ya koma wani abu daban. Yanzu ɗorawa nake yi in ɗaga, in kuwa zan ja, sai ta bin tsawon zare. Wanki yana fitar da taurin kamfani, yadi ya yi laushi ya riƙa gudu a ƙarƙashin almakashi, shi ya sa nake mayar masa da sitati mara kauri: babban cokali ɗaya na sitatin rogo, a dama da ruwan sanyi, a cika da tafasasshen ruwa zuwa rabin lita, ya huce a fesa. A bari ya shiga jikin yadin kafin guga, in ba haka ba zai yi fari-fari ya manne a dutse. Abin da zan yanka a makon kawai nake sa wa, domin sitati a ajiya kiran kyankyaso ne.

Daidaita zare shi ne na ƙarshe. Nakan haɗa gefe da gefe, wato ɓangarorin da kamfani ya saƙa, in ɗaga yadin sama, in riƙa zamar da gefe ɗaya hagu ko dama har ninkin da ke ƙasa ya sauka sumul babu murɗewa. Yankakken bakin ba zai zo daidai ba, shi ake datsewa. Wata atamfar an buga zanenta a ɗan karkace da zaren. A ƙananan ƙyallaye zare nake bi, a manya masu layi kuwa zane, don ido shi yake fara gani. Gefen da ke ɗauke da sunan kamfani nakan cire shi gaba ɗaya, saƙarsa ta fi tsauri kuma yakan ja ɗinki.

Daga nan sai alli da ma'auni. Kowane gefe yana cin rubu'in inci na ɗinki, saboda haka ƙyallen da nake so ya fito inci 5 a bargo, inci 5 da rabi nake yanka shi, kuma ba na ninka yadi ya wuce huɗu a yanka ɗaya, domin na ƙasa yakan zame.