Godiya Bayan Dawowata daga Biyetnam

Assalamu alaikum warahmatullah. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya fitar da ni daga gidana lafiya, Ya jarrabe ni a ƙasar da ba ni da uwa ba ni da uba, sannan Ya mayar da ni cikin iyalina da ƙafafuna. Tun da na sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano jama'a ke ta zuwa yi mini barka da arziki, wayata kuma cike take da saƙonnin da ban samu ƙarfin amsawa ɗaya bayan ɗaya ba, domin har yanzu jiki bai gama komawa daidai ba. Ina roƙon kowa ya karɓi wannan rubutu a matsayin amsar nasa saƙon.

Ba sai na maimaita labarin ba, tunda kun bi shi tun daga farko. Kun san zazzaɓin dengi ne ya kwantar da ni a asibiti a Hanoi, babban birnin Biyetnam, kun kuma san ina kwance guguwar Yagi ta afka wa arewacin ƙasar ranar 7 ga Satumba, 2024, ta tumɓuke dubban bishiyoyi a birnin, ta katse wuta, aka rufe filin jirgin Noi Bai. Abin da ba ku sani ba, wanda kuma shi ne ya fi tsaya mini a rai, shi ne labarin wata baiwar Allah da na ɓata wa rai kafin in kwanta.

Aikin da ya kai ni shi ne zama da ɗalibai da iyayensu ana duba takardu, ana ba su shawara kan karatu a ƙasashen waje. Mutanen Biyetnam suna da himmar karatu ƙwarai, kuma iyaye da yawa sukan ci bashi ko su sayar da fili domin ɗansu ya tafi Koriya ta Kudu, Japan, Ostareliya, Amurka ko Kanada. Sai dai a shekarar 2024 ƙofofin sun ƙuntata. Ostareliya ta ɗaga kuɗin bizar ɗalibi daga dalarta 710 zuwa 1,600 a watan Yuli, Kanada ta mayar da kuɗin guzurin da ɗalibi zai nuna daga dalarta 10,000 zuwa 20,635 tun watan Janairu, ta kuma taƙaita yawan izinin karatun da take bayarwa, ita kuwa Birtaniya ta hana mafi yawan ɗalibai tafiya da iyalansu. Saboda haka rabin aikina a wannan tafiya ya zama faɗa wa mutane abin da ba sa son ji.

Wannan mata 'yar kasuwa ce, ta zo da ɗanta da kundin takardun da wani dillali ya haɗa musu, ya kuma yi musu alƙawarin cewa bizar Ostareliya kamar tana hannu. Da na duba sai na ga kuɗin da ke asusun rance ne da aka zuba kwanan nan, sakamakon yaron a jarrabawar Turanci ta IELTS kuma bai kai abin da jami'ar ke nema ba. Na gaya mata ta bakin tafinta cewa idan suka shigar da takardun a haka, abin da ya fi kusa shi ne a hana shi, kuma hanin zai riƙa binsa a duk neman da zai yi nan gaba, don haka gara ya jinkirta ya sake jarrabawar. Ta tattara takardunta ta fita ba ta ce da ni uffan ba, yaron na biye da ita kansa a sunkuye.

Likitoci sun bayyana mini cewa dengi ba shi da wani magani takamaimai, sai ƙarin ruwa da sa ido, kuma lokacin da zafin jiki ya sauka shi ne mafi haɗari, domin a nan ne ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini suke raguwa. Ina cikin wannan hali, dasashina na fitar da jini, kogin Hong da ya ratsa birnin kuma ya yi cikar da ya shekara 20 bai yi ba, har an rufe gadar Long Bien. Wallahi abin da ya fi tsorata ni a wannan lokaci shi ne tunanin wanda zai yi mini wanka da sallah idan ajalina a can yake. A ranar ce wannan mata ta shigo ɗakin, rigar ruwanta na ɗiga, bayan ta biyo ta wata gadar a kan babur daga ƙetaren kogi, inda ruwa ke barazana ga unguwarsu. Ta zo da kunun shinkafa da kifi, ta sa ɗanta ya gaya mini cewa sabuwar tukunya ta saya ta dafa, domin ta ji Musulmi ba sa cin alade, ta ji tsoron kada tukwanen gidanta su hana ni ci. Ta zauna tana fifita kunun har ya huce, ta tsaya sai da ta ga na sha, kamar yadda Hajiyarmu kan yi mana muna yara. Ba ta tayar da maganar biza ba, ni ma ban tayar ba, kuma ta ci gaba da aiko yaron da abinci har aka sallame ni. Allah Ya saka mata da mafificin alheri, Ya buɗe wa ɗanta ƙofar da ta fi wadda dillali ya nuna masa.

Na san mutanen kirki ba sa son a bayyana alherinsu, amma akwai waɗanda ba zan iya yin shiru a kansu ba. Tafintata, yarinya ƙarama da ba ta daɗe da gama jami'a ba, ita ce ta kai ni asibiti, ta tsaya tsakanina da likitoci, alhali guguwa ta yaye rufin gidan iyayenta a ƙauye. 'Yan'uwa Musulmi na masallacin Al-Noor da ke titin Hang Luoc, wanda shi kaɗai ne masallaci a Hanoi, sun zo sun yi mini addu'a, wani dattijo daga cikinsu kuma ya kama hannuna ya ce in kwantar da hankalina, duk abin da Allah Ya ƙaddara suna nan, kuma wannan magana ce ta sa na iya barci. Ina godiya ga likitoci da ma'aikatan jinya da suka kwana a bakin aiki nasu iyalan na cikin ruwa, da 'yan Najeriya mazauna birnin da suka riƙa zuwa bi da bi, da abokan aikina da suka ɗauki nauyin ɗaliban da na bari.

A gida kuwa, uwargida ta sha wahalar da ba zan iya biya ba. Tazarar awa shida ce tsakaninmu, don haka lokacin da likita ke zagayen safe a can, ita tsakar dare ne a wurinta, amma ba ta taɓa barin wayar ta yi ƙara sau biyu ba. Yaya Babba ya riƙe gida, ya kuma san yadda ya lallaɓa Hajiya har hankalinta bai tashi ba. Malaman Islamiyyar unguwarmu da ɗalibansu sun yi saukar Alƙur'ani, maƙwabta sun yi sadaka, abokan karatu sun haɗa gudunmawa ba tare da an roƙe su ba. Akwai kuma wasu na jini da labari ya kai musu tun farko, waɗanda na riƙa tambayar uwargida ko sun kira, tana cewa tukuna. Abin ya yi mini ciwo a lokacin, amma na yi musu uzuri, kuma ƙofata a buɗe take.

Ya Allah, duk wanda ya taka ƙafa, ko ya buga waya, ko ya ɗaga hannu a sujada saboda ni, Ka biya masa buƙatunsa na duniya da lahira, Ka tsare shi daga ciwo a baƙon wuri, Ka jiƙan iyayensa, Ka shirya masa zuriya, Ka sa ya gama da duniya lafiya. Ya Allah Ka sassauta wa mutanen Biyetnam da suka rasa ɗaruruwan rayuka a wannan ibtila'i, musamman na ƙauyen Lang Nu da ƙasa ta rufta wa a lardin Lao Cai, da iyalan waɗanda gadar Phong Chau ta karye da su. Ka ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti lafiya mai ɗorewa.

Ɗalibai da iyayen da takardunsu ke hannuna su ƙara haƙuri, zan koma kansu da zarar likita ya ba ni izini. Masu son zuwa dubiya kuma ina roƙon su bari sai bayan la'asar, domin an umarce ni da hutawa da safe. Wassalamu alaikum.