Ka sayi Porsche ta hannu a Birtaniya, inji ya fara ƙara: wa zai biya gyara?

Babban kuskuren da masu sayen motar gudu ta hannu suke yi shi ne garzayawa wurin bakanikensu da zarar sun ji wata ƙara a inji. Bakanike ya kwance, ya canja abin da ya ga dama, sannan a je wa dila da rasit ana neman kuɗi. Dila kuwa abin da yake jira ke nan. Zai ce ba a ba shi damar ganin matsalar ba, watakila ma ya ce mai gyaran ne ya ɓata. A Birtaniya doka tana bayan mai saye sosai, amma sai ya bi matakan a kan tsari.

Dokar ita ce Consumer Rights Act, wato dokar kare haƙƙin mai saye, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Oktoba 2015. Ta ce duk motar da ɗan kasuwa ya sayar, sabuwa ko ta hannu, dole ta kasance da inganci gwargwadon shekarunta da kuɗinta da tafiyar da ta yi, ta dace da aikin da aka saye ta dominsa, kuma ta zama yadda aka siffanta ta a talla. Rubutun da wasu dilolin suke maƙalawa a rasit, wai an sayar a yadda aka gani, ba ya soke komai. Abin da ke fita daga lissafi shi ne aibin da aka nuna maka kafin ciniki, ko wanda dubawar da ka yi ya kamata ta gano shi. Wanda ya karanta babin ciniki a fiƙihu zai ga kama da hukuncin mayar da haja saboda ɓoyayyen aibi, sai dai a nan an ƙayyade kwanaki.

A kwana talatin na farko kana da ikon mayar da motar ka karɓi kuɗinka cif, kuma idan dila ya amince dole ya biya cikin kwana 14. Akwai wani abu da ba kowa ya sani ba: a wannan mataki kai ne za ka nuna cewa aibin yana nan tun ranar da aka miƙa maka makulli. In ka zaɓi a gyara, ƙidayar kwanakin tana tsayawa muddin motar tana hannunsu. Daga nan zuwa wata shida nauyin ya koma kan dila. Doka tana ɗauka cewa da aibin aka sayar, sai in shi ya kawo hujjar akasin haka. Yana da damar gyara sau ɗaya tak, da kuɗinsa, har da na jan motar zuwa gareji, cikin lokacin da hankali zai ɗauka. Gyaran bai yi ba, ko wata matsalar ta sake ɓullowa, sai ka zaɓa: a rage maka kuɗi ka riƙe mota, ko ka mayar a cire ladan tafiyar da ka yi da ita. Bayan wata shida haƙƙinka bai mutu ba, kana iya kai ƙara har shekara shida a Ingila da Wales, biyar a Scotland, amma hujja duk a wuyanka take.

To, a motar gudu gardamar kusan kullum iri ɗaya ce. Dila zai ce kai ka taka ta fiye da kima. Shi ya sa ya kamata a san inda injin yake ajiye shaidarsa.

Mu ɗauki samfuran Porsche biyu, Boxster da 911, na ƙarshen shekarun 1990 zuwa 2008, masu injin M96 da M97, tunda su ne suka fi arha kuma su ne aka fi kuka da su. Cuta ta farko ita ce boris ɗin IMS, wanda yake a ƙarshen wani shaf da ke miƙa juyi daga karanshaf zuwa sarƙoƙin taimin. An rufe shi da girisinsa a ciki. Da tafiya ta yi tafiya, murfin robar yakan saki, baƙin mai ya shiga ya wanke giris, ƙwallayen su fara cin juna. In ya tarwatse taimin ya kuɓuce, bawul ya haɗu da fistin, inji ya tashi aiki. Kafin ya kai can yakan bar alama: ɓurɓushin ƙarfe mai ƙyalli a cikin filtar mai. Filtar ta takarda ce, ana ciro ta a baje ta ƙarƙashin haske, a bi ta da maganaɗisu. Filtar da ke ɗauke da wannan ɓurɓushi hujja ce. A saka ta a leda, a rubuta kwanan wata da lambar milejin, a ajiye baƙin man da aka tsiyaye a kwalba mai tsabta. A motocin farko ana iya canja boris ɗin idan an sauke giyabos, shi ya sa ake haɗa aikin da canjin kuloci. A na kusan 2006 zuwa 2008 an saka babba, wanda ba ya fita sai an raba injin biyu. Injin da ya zo a 2009 ba shi da wannan shaf ɗin gaba ɗaya.

Cuta ta biyu ta fi wuyar sha'ani: ƙarcewar bangon silinda, wadda ta fi kama manyan injinan, masu lita 3.4 zuwa 3.8. Alamunta ƙaran ƙwas-ƙwas idan mota tana tsaye a kunne, shan baƙin mai, da bakin salansa ɗaya da ya fi ɗan'uwansa baƙi. Ana tabbatarwa ne da ƙaramar kyamara da ake zurawa ta ramin fulogi. Ƙarcewar a hankali take ci, kuma hotunan suna nuna haka. Maganinta kwance inji da sa sababbin silinda, aikin da a wasu motocin yakan kusa cinye kuɗin motar kanta.

Ga kuma kwamfutar injin. Tana ƙirga duk lokacin da juyin inji ya wuce ƙa'ida, a matakai shida a samfurin 987 da 997, wato Boxster da 911 na baya-bayan cikinsu, tare da awar aikin da abin ya faru na ƙarshe. Matakan farko taɓa iyaka ne kawai. Na sama kuwa yawanci daga kuskuren giya suke zuwa, mutum ya nufi ta huɗu ya jefa ta biyu yana cikin gudu. Mai wayo yakan sa a ciro masa wannan rahoto ranar da ya sayi mota. In daga baya aka ce shi ya kashe inji, sai a gwada awannin. Amma takobin kaifi biyu ne da shi: in rahoton ya nuna kai ne, magana ta ƙare. Haka ma wanda ya sa aka taɓa kwamfutar don ƙarin ƙarfi, ko ya kai motar filin tsere, ya raunana da'awarsa da hannunsa.

Da ka ga alama, ajiye motar. Ci gaba da tuƙa inji mai ƙara yana ba dila damar cewa kai ka mayar da ƙaramin gyara babba. Rubuta masa imel a ranar, ba kiran waya ba, da milejin da hotuna da bidiyon ƙaran, ka faɗi ƙarara ko mayarwa kake yi ko gyara kake nema. Kana iya kai ta wurin ƙwararre mai zaman kansa ya duba ya rubuta rahoto, amma ka ja masa kunne kada ya gyara komai. In ka ce ka mayar, daina hawa, amma kada ka yanke inshora tana ƙofar gidanka.

Za a ce maka ka kira kamfanin garanti. Garantin wata uku da ake haɗawa da mota yawanci yana da iyakar abin da zai biya, kuma yakan cire lalacewar tsufa. Ƙari ne kawai, bai maye gurbin abin da doka ta ɗora wa dila ba.

Yadda ka biya ma yana canja wanda za ka kama. In ta hanyar HP ko PCP ne, wato sayen mota da bashi ana biya wata-wata, kamfanin bashin shi ne mai motar, shi za ka rubuta wa. Yana da sati takwas ya amsa, sannan ka wuce Financial Ombudsman Service, hukumar da ke sauraron ƙorafi a kan kamfanonin kuɗi, kyauta. In ka biya ko da kafin alƙalami ne da katin bashi, kuma kuɗin motar ya haura fam 100 bai wuce fam 30,000 ba, sashe na 75 na dokar bashi ta 1974 ya sa kamfanin katin ya zama abokin tarayyar dila a alhaki. The Motor Ombudsman, mai sasanta rigimar cinikin mota, yana sauraron ƙorafi ne kawai a kan dilolin da suka yi rajista da shi. Ƙaramar kotun da'awa a Ingila da Wales iyakarta fam 10,000, kuma sake gina injin Porsche yakan haura haka.

Duk wannan na wanda ya saya wurin ɗan kasuwa ne. In wurin mutum ka saya a ƙofar gidansa, abin da ke kansa shi ne motar ta zama tasa, ta cancanci hawa titi, kuma kada ya yi ƙarya a siffanta ta. Bai ce komai a kan IMS ba, ba ka binsa komai. Ya rubuta a talla cewa an canja, sai aka kwance aka tarar da na asali, to nan kana da magana, in dai ka adana hoton tallar kafin ya goge ta.