Kafin a ce hitar gas ta mutu, a bari in ji ƙararta

Da zarar hunturu ya kankama a Jos, daga Disamba zuwa Janairu, wayata ba ta hutawa. Ana idar da sallar asuba za ka ji: "Malam, hitar nan ta mutu, ga yara za su makara." Ni kuwa tambayata ɗaya ce, shekara da shekaru ba ta sauya ba: idan kun buɗe famfon ruwan zafi, kuna jin tana yin tik-tik-tik, ko shiru take yi? Amsar da aka ba ni ita ke gaya mini abin da zan zuba a jaka kafin in hau babur.

Hitar da nake nufi ita ce marar tanki, wadda ake kafewa a bango, ruwa ya shiga da sanyi ya fito da zafi nan take. Mutane sun rungume ta ne don ba ruwanta da jiran a kawo wuta. Yawancin na gidajenmu, masu lita 6, 10 ko 12 a minti, manyan batura biyu ne kawai ke tayar da su. Abin da masu gida ba su sani ba shi ne, ruwa ne ke kunna wutar. Ka buɗe famfo, ruwan ya tura wata faffaɗar roba da ke cikin ƙoƙon tagulla, robar ta tura siririn ƙarfe, shi kuma ya taɓa ɗan makunni, sannan tartsatsi ya fara, gas ya buɗe. Idan wuta ta kama, akwai wani tsinke da ke tsaye cikin harshenta wanda aikinsa ya shaida cewa ta kama. In bai shaida ba cikin 'yan daƙiƙu, hitar ta toshe gas da kanta.

Wannan jeri a wurin maigidana na koye shi, a Sabon Garin Kano, Allah ya jiƙansa. Ya yi shekaru yana aiki a Aljeriya, inda irin wannan hita ta zama ruwan dare, ya dawo ya buɗe shagon gyaran murhun gas. In ka ɗauki sukundireba kafin ka buɗe famfo ka saurara, bayan hannunka zai sha duka. Wata uku na yi ba abin da ya bari na taɓa sai wanke kawunan murhu da tsohon buroshin haƙori. Lokacin haushi nake ji. Yanzu yarana biyu ma da buroshin suka fara.

In hita ta yi shiru, batir nake fara dubawa, kuma ba na jin kunyar faɗa: da yawa daga cikin kiran asuba a nan suke ƙarewa. Batirin da ke haska tocila ba lallai ya iya buɗe gas ba. Bayan batir sai ƙarfin ruwa. Da bar ake auna ƙarfin turi: kowace mita ɗaya ta tsayin tanki kusan bar 0.1 take bayarwa, kuma hitar da aka yi don ruwa marar ƙarfi ma tana son kamar 0.2 zuwa 0.3. To, ka ɗora tanki a kan ɗan dakali, kansa daidai da kan hita, me zai tura robar? Sai kuma 'yar rariyar da ke mashigar ruwa, wadda yashin burtsatse ke cikawa. In duk waɗannan lafiya, sai in kwance ƙoƙon in ɗaga robar ga hasken rana. Tsagewa ko da kamar bakin allura ce ta isa. A nan ne nake da ƙorafi da masu kawo mana kaya: kwali ɗaya, hoto ɗaya, amma wata robar in ka lanƙwasa ta sai ta yi farin layi kamar tsohon silifa. Sau biyu na mayar da dozin guda. Yanzu a gaban mai kaya nake lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya, ya ji haushi ya gama.

In kuwa tana tartsatsi amma wuta ba ta kama ba, magana ta koma kan gas. Wataƙila tukunyar ta kusa ƙarewa, ko an sauya sabuwa iska ta shiga tiyo, sai an buɗe famfo an rufe sau uku ko huɗu. Wataƙila regileta ce, wato abin da ake ɗaurawa a kan tukunya don daidaita ƙarfin gas. Ta gida mai kamar milibar 30 ake so, ba irin mai murɗawa da masu suyar ƙosai ke sa wa babban murhu ba. Hitoci masu allo kan nuna lamba, a na kamfanin Rinnai lamba 11 ke nufin wuta ba ta kama ba, amma lambar ba ta gaya maka dalili.

Bara wata Hajiya a Rayfield ta kira ni bayan ta dawo daga doguwar tafiya. Wani ya riga ni zuwa, ya ce mata akwatin tartsatsin ya ƙone, ya karɓi kuɗi ya sa sabo, hita ta ci gaba da tik-tik ɗinta. Na cire murfi na haska tocila cikin bututun da gas ke gauraya da iska. Zanzaro ne ya yi gini, laka ta bushe ƙeƙashe, har da 'yan tsutsotsin da ya tara wa 'ya'yansa. Na kakkaɓe, na busa, na gyara tazarar tsinken tartsatsi zuwa kamar milimita 4, wuta ta tashi shuɗiya layi-layi. Da na faɗi kuɗin aiki, Alhaji ya juya lakar a tafin hannunsa ya ce: "Haba Malam, don wannan 'yar ƙasar?" Na ce ranka ya daɗe, ƙasar kyauta ce, sanin inda take ake biya. Ya yi dariya, amma sai da ya rage.

Wadda ta fi ɗaga mini hankali ita ce mai kamawa ta mutu bayan daƙiƙa biyar. Galibi ƙurar hunturu ko baƙin hayaƙi ne ya lulluɓe tsinken shaida, kuma gogawa kaɗan da samfefa mai laushi ta wadatar. Amma masu gyaran gangar Auzinawa sai su yi dabarar da za ta hana gas rufewa, su ce sun gyara. Ranar da iska ta hure wutar, gas zai ci gaba da zuba ba mai tsayar da shi. Haka nan tokumbo da aka yi don gas ɗin bututu na Turai: ramukan feshinta sun fi faɗi, ka haɗa ta da tukunya mai kilo 12.5 sai wuta ta yi rawaya tana baƙin hayaƙi. Sai an sauya kawunan, ba wata dabara.

Abu ɗaya ne ba na yi ko nawa za a biya: kafa irin wannan hita cikin banɗaki. Gubar da wuta ke fitarwa idan iska ta yi kaɗan ba ta da wari, kuma mai wanka ƙofa yake rufewa. Waje nake kafawa ko inda iska ke ratsawa, in ja bututun hayaƙi, in shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa in tsaya in ga ko za ta yi kumfa. Wanda zai kira ni, ya fara sa sababbin batura ya jijjiga tukunyarsa, sannan ya kara wayar kusa da hitar ya buɗe famfo in ji.