Takin nano da masu gonar inabi

Shagona na taki ne da maganin feshi a Zariya, amma cinikin rani kusan duk daga masu inabi na wajen Kudan da Hunƙuyi yake zuwa, don haka duk sabon kayan da dillali ya ajiye min a kanta su nake fara tunawa. Yanzu abin da ake ta turo mana shi ne kayan nano, takin ruwa a 'yar kwalba, wai ƙwayoyinsa sun yi ƙanƙantar da ganye zai shanye kai tsaye ba sai an bi ta saiwa ba. Ƙanƙantar kam gaskiya ce, sai ka raba milimita ɗaya gida miliyan kafin ka samu nanomita ɗaya, ma'aunin da ake auna ƙwayoyin da shi.

Wanda ya fi suna shi ne yuriyar nano da IFFCO, ƙungiyar da ke yin taki a Indiya, ta fitar a 2021, rabin lita, suka ce tana tsayawa a madadin buhu guda. Toh ni nan lissafi ya cije min. Naitirojin, wato sinadarin da shuka ke samu daga yuriya, wanda ke cikin kwalbar kashi 4 cikin 100 ne, wajen giram 20 kenan, shi kuwa buhun yuriya mai kilo 50 akwai kilo 23 a cikinsa. Eh na yarda wanda ake zubawa a ƙasa da yawansa iska da ruwa ke tafiya da shi, amma giram 20 fa? Ko a can Indiyar masana ba su gama gardama a kai ba.

Shi mai inabi ba kamar mai masara ba ne, ya kafa turaku ya ja waya ya yi rumfa, ya yi ta ban ruwa, ya aske rassa bayan damina, ga yaran da zai biya su kori tsuntsaye in 'ya'ya sun fara nuna, duk kuɗinsa na rataye a kan wayar nan, sai kai ka zo da kwalba ka ce ya bar buhu. Wani dattijo da na nuna wa juya ta kawai ya yi, ya karanta bayanta, ya ce "Alhaji, in fure ya zube kai za ka biya ni?" Ya sayi ɗaya, ya ce layi biyu na bakin rijiya zai fesa wa, saura kuma yadda ya saba.

Turawa masu noman inabi don giya ma ba su ruga ba. Su damuwarsu maganin jan ƙarfen da suke fesawa saboda ciwon ganye, tun 2019 Tarayyar Turai ta taƙaita shi zuwa kilo 28 a hekta cikin shekara 7, shi ya sa ake binciken na nano ko kaɗan zai wadatar. Amma dokarsu ta ce in an sa kayan nano a abinci dole a rubuta a jikin kwali, kuma mai sayar da kwalbar giya da sunan gadon kakanni ba ya son kalmar a kusa da kayansa.

Namu masu sarin ba ruwansu da wannan, ɗan kasuwar 'Yan Lemo ɗanɗana inabin zai yi, ya matsa ya ji ko zai kai Kano bai fashe ba, ya yi tayi. Ni dai katan ɗaya nake ajiyewa, kuma wanda ya saya ina ce masa ƙari ne a kan buhu, ya fesa da sassafe ko da yamma, kar ya haɗa shi da wani magani a tanki ɗaya sai ya gwada a bokiti tukun.